Douglas Bader: Matuƙin Jirgin Yaƙi Mai Ƙafafun Ƙarfe

Ran 14 ga watan Disamba na 1931 wani saurayi, hafsa a rundunar mayaƙan sama ta Ingila, ya tashi da jirgi samfurin Bulldog daga filin Woodley kusa da garin Reading, ya sauko ƙasa-ƙasa domin ya nuna gwaninta. Yana cikin mirgina jirgin sai bakin fiffiken hagu ya taɓa ƙasa, jirgi ya ragargaje. A asibiti aka yanke masa ƙafar dama daga saman gwiwa, daga baya ta hagu daga ƙasan gwiwa. Sunansa Douglas Bader, shekarunsa 21 a lokacin. Dokar rundunar ta hana irin wannan wasa kusa da ƙasa, ya kuwa sani, ya take.

An haife shi a birnin Landan ran 21 ga watan Fabrairu na 1910. Mahaifinsa injiniya ne, ya rasu a 1922 saboda raunin da ya samu a Yaƙin Duniya na Ɗaya. Bader ya shiga makarantar horar da hafsoshin sama ta Cranwell a 1928, ya fita a 1930.

Da aka haɗa masa ƙafafun ƙarfe ya ƙi dogara sanda, ya yi ta faɗuwa yana tashi har tafiya ta miƙe. A 1932 ya sake tuƙa jirgi, aka ga hannunsa bai mutu ba, amma dokokin soja ba su tanadi matuƙi marar ƙafafu ba, saboda haka aka sallame shi a 1933. Ya kama aikin ofis a kamfanin mai, ya auri Thelma Edwards, ya zauna shekara shida. Yaƙin Hitila ne ya buɗe masa ƙofa, domin a 1939 Ingila na neman matuƙa ido rufe. Aka gwada shi, ya ci, a watan Fabrairu na 1940 aka tura shi Duxford inda ya fara tuƙa Spitfire.

To, mai karatu zai so ya san yadda gurgu ke sarrafa jirgin da masu ƙafa biyu ma ke shan wuya da shi. Spitfire na da dogon hanci, inda babban injin Merlin yake, kuma a ƙasa yana zaune ne a kan tayoyi biyu na gaba da ƙaramar taya a wutsiya, hanci a ɗage. Watau matuƙi ba ya ganin gabansa, sai ya riƙa karkata dama da hagu yana leƙe kafin ya kai bakin fili. Wajen tashi, ƙarfin farfela kan fizgi jirgin gefe guda, tilas a taka feda a daidaita shi. Sauka ta fi wuya. Idan matuƙi ya miƙo sak, hancin zai rufe masa filin, don haka yakan zo ne a karkace kamar lauje, yana kallon fili ta gefe, sai dab da ƙasa ya miƙe, ya rage wuta, ya ja sandar tuƙi a hankali har tayoyin uku su taɓa tare. Tayoyin gaban kuma a matse suke kusa da juna, iska kaɗan daga gefe ta isa ta wulwula jirgin, birki mai ƙarfi kuwa sai ya kife shi a kan hanci.

Abin da ya taimaki Bader shi ne, birkin jiragen yaƙin Ingila na hannu ne, a jikin sandar tuƙi yake, ba na yatsun ƙafa ba irin na jiragen Amurka. Fedar juya wutsiya kuwa da ƙarfin cinya da ƙugu yake tura ta. An kuma yi zaton cewa rashin ƙafafun ya ba shi wata riba: idan jirgi ya yi kwana da gudu, jini kan gangara ƙafafun matuƙi har idonsa ya rufe, shi kuwa jinin ba shi da nisan zuwa. Duk da haka bai tsira daga kuskure ba. A watanninsa na farko ya manta bai daidaita farfela yadda ake yi wajen tashi ba, jirgin ya kasa ɗagawa ya faɗi. Ƙafafun ƙarfen suka lanƙwashe, aka sake masa wasu.

Ran 1 ga watan Yuni na 1940 ya harbo jirgin Jamus na farko a sararin Dunkirk. A ƙarshen watan aka ba shi shugabancin runduna ta 242, yawancinta 'yan Kanada waɗanda suka dawo daga Faransa a jigace. Jirginsu Hurricane ne, mai faffaɗan tayoyi da sauƙin sauka. Irinsa ne aka riƙa haɗawa a Takoradi tun daga wannan shekara, ana bi da su ta Kano da Maiduguri zuwa Masar. Bader ya nace a tara jirage da yawa a afka wa abokan gaba gaba ɗaya, shawarar da ta haddasa jayayya mai zafi tsakanin manyan hafsoshi, domin tara su kan ci lokaci. Jiragen da aka lissafa ya harbo sun haura 20.

Ran 9 ga watan Agusta na 1941 wutsiyar jirginsa ta gutsure a sararin Faransa. Shi ya ɗauka karo ya yi da jirgin Jamus. Masu bincike daga baya sun kawo yiwuwar cewa wani na ɓangarensu ne ya harbe shi cikin kuskure. Ƙafar damarsa ta maƙale a jirgin, sai da maɗaurinta ya tsinke sannan ya fita da lema. Jamusawa suka kai shi asibitin Saint-Omer, babban matuƙinsu Adolf Galland ya karrama shi, har aka yarda a kawo masa wata ƙafa, jirgin Ingila ya jefo ta ran 19 ga watan. Ya tsere daga asibitin da igiyar zannuwan gado, aka kamo shi. Da fitinarsa ta ishe su sai suka kai shi kurkukun Colditz a 1942, inda ya zauna har sojojin Amurka suka iso a watan Afrilu na 1945. Ran 15 ga watan Satumba na shekarar shi ya ja jirage 300 suka ratsa sararin Landan.

Ba mutum ne mai sauƙin zama ba. Ƙananan ma'aikata da yawa sun san shi da tsawa, kuma sojan da ya yi masa hidima a Colditz, mai goya shi a kan matakala, ya rasa damar komawa gida da wuri saboda Bader ya ƙi sakinsa. Goyon bayan da ya ba mulkin tsirarun Turawa a Rodeshiya ma tabo ne da ba ya gogewa.

Ya bar soja a 1946, ya koma kamfanin Shell har 1969. Littafin tarihinsa ya fito a 1954, aka yi fim ɗinsa a 1956. Ya sha ziyartar waɗanda aka yanke wa gaɓoɓi yana ƙarfafa musu gwiwa, dalilin da ya sa Sarauniya ta ba shi lambar girma ta Sir a 1976. Ya yi tuƙinsa na ƙarshe a 1979. Ciwon zuciya ya kashe shi ran 5 ga watan Satumba na 1982, a hanyarsa ta komawa gida daga wata liyafa a Landan, yana da shekara 72.