Will Rogers (1879–1935): Makiyayin da Ya Zama Gwanin Barkwanci

An haifi Will Rogers ranar 4 ga Nuwamba, 1879, kusa da garin Oologah, a yankin da yanzu ya zama jihar Oklahoma ta ƙasar Amurka. Iyayensa duka biyu suna da jinin Cherokee, ɗaya daga cikin ƙabilun da Turawa suka tarar a ƙasar. Mahaifinsa mai arzikin shanu ne, ya kuma taɓa riƙe alƙalanci a cikin ƙabilarsu. Will shi ne auta cikin 'ya'ya takwas, kuma yana ɗan shekara 10 mahaifiyarsa ta rasu.

Karatun aji bai karɓe shi ba. An sauya masa makarantu da dama, ta ƙarshe ita ce ta horon soja a jihar Missouri, wadda ya bari a 1898 ba tare da ya kammala ba. Abin da ya ɗauke masa hankali shi ne jifa da igiya mai zarge, irin wadda makiyayan can ke kama saniya da ita daga kan doki. Ya koyi wannan a hannun Dan Walker, wani baƙar fata ma'aikacin mahaifinsa. To amma ƙin zaman aji daban, ƙin neman sani daban, kamar yadda rayuwarsa ta nuna daga baya.

A 1902 ya tafi Ajantina da niyyar yin kiwo, sai guzurinsa ya ƙare. Dole ta sa ya kama aikin kula da dabbobi a wani jirgin ruwa mai zuwa Afirka ta Kudu. A can ne ya shiga ƙungiyar wasannin dawaki ta Texas Jack, inda a karo na farko aka biya shi don a kalli gwanintarsa da igiya. Daga nan ya bi wata ƙungiyar zuwa Ostareliya da New Zealand, ya koma gida a 1904, ya kewaye duniya tun bai cika shekara 25 ba.

Da farko wasansa na igiya ne kawai, ba ya cewa uffan. Sannu a hankali ya lura cewa idan igiya ta kuskure ya yi wa kansa ba'a, 'yan kallo sun fi dariya. Da ya samu shiga dandalin Ziegfeld a birnin New York a 1915, sai ya fuskanci wata matsala: masu kallo da yawa sukan dawo kowane dare, kuma raha ba ta jure maimaici. Mafitar da ya samu ita ce jarida. Kullum sai ya karanta jaridu da yawa, da dare ya fito yana juya igiyarsa, yana yi wa labaran ranar sharhi da harshen mutumin ƙauye wanda bai san komai ba. A bayan wannan rigar jahilci ya riƙa caccakar 'yan majalisa da attajirai da shugabannin ƙasa, su kuwa suna dariya tare da kowa, domin zambonsa ba ya ɗauke da ƙiyayya. Daga 1922 ya fara rubutu a jaridu, ya kuma shiga rediyo, ya fito a finafinai 71.

Bai wadatu da abin da ya karanta ba, sai ya je ya gani da idonsa. A 1926 ya zaga Turai har Tarayyar Sobiyet, ya ziyarci Meziko a 1927, ya je Japan da Sin a ƙarshen 1931, sannan a 1934 ya sake kewaye duniya, ya ratsa Saiberiya a jirgin ƙasa. Duk inda yake yakan bugo wa jaridu ɗan gajeren sharhinsa ta wayar tangaraho. Ya kuma yi wasanni don tara gudummawa ga waɗanda ambaliyar kogin Mississippi ta shafa a 1927, da manoman da fari ya ɗaiɗaita a 1931.

Sai dai gani da ido bai hana shi kuskure ba. Ya gana da Mussolini na Italiya a 1926, ya dawo yana yabonsa. Haka kuma a 1934 ya furta kalmar wulaƙanci ga baƙaƙen fata a rediyo, abin da ya jawo masa suka mai zafi, kuma abin takaici ne daga bakin wanda baƙar fata ya koya wa sana'a.

Rogers na cikin masu ƙaunar jirgin sama tun jama'a na tsoronsa. A watan Agusta na 1935 ya bi abokinsa Wiley Post, mutum na farko da ya kewaye duniya shi kaɗai a jirgin sama, zuwa Alaska, inda Post ke binciken hanyar jirgi zuwa Rasha. Ranar 15 ga watan hazo ya ɓatar da su, suka sauka a wani tafki kusa da Point Barrow don tambayar hanya. Suna tashi injin ya mutu, jirgin ya rikito, duka biyun suka rasu nan take. Shekarunsa 55. An binne shi a California, sannan a 1944 aka mayar da gawarsa garin Claremore na jiharsa ta haihuwa.