Tarihin Likita William Withering, Wanda Ya Auna Guba Ta Zama Magani

Cikin manyan likitocin da suka shuɗe akwai wani mutumin Ingila da nake so in ba masu karatu tarihinsa, sunansa William Withering. Ganyen da ya yi suna da shi, tsofaffin ƙauye sun riga shi saninsa. Aikin da shi ya yi shi ne ya zauna shekara 10 yana aunawa yana rubutawa, har ya gane iyakar da ke tsakanin warkarwa da kisa. Ni kuwa a ganina wannan ya fi samo sabon ganye wuya.

An haife shi a watan Maris na 1741 a wani gari wai shi Wellington, cikin lardin Shropshire. Ubansa mai haɗa magunguna ne, saboda haka tun yana yaro ya saba da turmi da ma'auni. Ya yi karatu a jami'ar Edinbara ta Sikotilan, ya fita likita a 1766, sa'an nan ya kama aiki a garin Stafford. Can ya yi jinyar wata budurwa mai son zanen furanni, sunanta Helena Cookes. Yakan tsinko mata furanni ta zana, da haka sha'awar tsirrai ta kama shi. Ya aure ta a 1772, a 1776 kuma ya fitar da babban littafi a kan tsirran ƙasar Birtaniya.

A 1775 ya koma birnin Birmingham. Nan ya shiga wata ƙungiya ta masana da ke taruwa in wata ya cika, domin kowa ya koma gida da farin wata. Cikinsu akwai James Watt mai injin tururi, da Joseph Priestley mai binciken iska, da Likita Erasmus Darwin. Withering ya sami masu kuɗi da yawa suna zuwa wurinsa, amma duk da haka ya keɓe lokaci kullum yana duba matalauta kyauta.

To, a zamanin nan akwai wani ciwo da ya gagari likitoci, watau ciwon kumburi. Ruwa ya taru a ƙafafun mutum da cikinsa, wani lokaci har ƙirjinsa, ya kasa kwanciya, sai ya kwana a zaune yana haki. Yanzu an san galibi zuciya ce ta gaji, ba ta tura jini yadda ya kamata, sai ƙoda ta riƙa riƙe gishiri da ruwa. Likitocin da ba su san haka ba. Dabararsu ita ce su huda cikin ruwa ya tsiyaye, ko su ba da maganin gudawa mai ƙarfi, bayan 'yan kwanaki kumburi ya dawo.

A shekarar 1775 aka tambayi Withering ra'ayinsa game da wani haɗi da wata tsohuwa ta Shropshire ta daɗe tana ɓoyon asirinsa, wanda ke sauke kumburin da likitoci suka kasa. Ganyaye 20 ne ko fiye a ciki. Da yake ya san tsirrai, sai ya gane ɗaya ne kaɗai ke aikin, watau wanda masana ke kira dijitalis. Sunan daga kalmar Latin ne mai nufin yatsa, domin furensa kamar 'yar ƙararrawa yake, mutum na iya zura yatsa ciki. Kowa kuwa ya san guba ne.

Nan fa aiki ya tashi. Ƙarfin tsiron yana sākewa da lokacin shekara, saboda haka ya tsai da lokaci ɗaya na tsinkar ganyen, watau sa'ad da fure ke fitowa. Ya fara da dafawa, ya koma jiƙawa, daga baya ya ga busasshen ganye da aka niƙa ya fi daidaita. Ya tsaya a kan nauyin ƙwaya 1 zuwa 3, sau 2 a rana, ƙwaya kuwa ma'aunin masu magani ne na Ingila, kamar miligiram 65. Da fari shi ma yakan ba da da yawa, domin mutane sun ɗauka sai an yi amai da gudawa magani ya ci. Da ya lura sai ya ga fitsarin da ke sauke kumburi yana zuwa ba tare da wannan wahala ba.

Ya kuma rubuta alamun wuce iyaka ɗaya bayan ɗaya: amai, gudawa, jiri, gani ya rikice har abubuwa su koma kore ko rawaya, bugun jijiya ya sauka har zuwa 35 a minti, gumi mai sanyi, suma, sa'an nan mutuwa. Ƙa'idarsa ita ce a riƙa ba da kaɗan kaɗan, da zarar magani ya taɓa ƙoda, ko ciki, ko hanji, ko bugun jijiya, a tsaya. Zuma ke nan, ga zaƙi ga harbi.

A 1785 ya buga littafinsa a kan wannan tsiro, da labarin marasa lafiya 163. Abin da ya fi ba ni sha'awa a tarihinsa duka yana nan. Bai zaɓi waɗanda suka warke kaɗai ba. Ya sa waɗanda maganin bai amfana ba, da waɗanda ya wahalar, da waɗanda suka mutu, domin kada wani likita ya ruɗu. Da haka aka gane wanda ya kamata a ba. Mai raunin bugun jijiya ko mai tsallake bugu, jikinsa da sanyi, kumburinsa da taushi, yakan sami sauƙi. Mai ƙarfin bugu da taurin ciki kuwa da wuya ya amfana. Withering ya fi zaton ƙoda maganin ke motsawa, amma ya lura yana da iko a kan motsin zuciya fiye da kowane magani da aka sani, ya kuma yi tsammanin za a amfana da wannan wata rana.

Rayuwarsa ba ta rasa ɓacin rai ba. A 1776 Erasmus Darwin ya kira shi su duba wata mace da kumburi ya kusa kashewa, Withering ya ba da shawarar dijitalis, ta tashi. A 1780 Darwin ya buga labarin maganin ba tare da ambaton sunansa ba, daga nan zumuncinsu ya lalace. A 1791 kuma tarzoma ta tashi a Birmingham, aka ƙone gidan Priestley, shi ma Withering sai da ya bar nasa gidan na Edgbaston ya ɓuya. Ga kuma ciwon huhu da ya daɗe yana cinsa, har ya je Fotugal sau 2 neman iska mai ɗumi. Ya mutu ran 6 ga Oktoba, 1799, yana da shekara 58. An sassaƙa hoton furen a dutsen tunawa da shi a cocin Edgbaston.

Bayansa likitoci da yawa suka yi watsi da ƙa'idarsa, suka riƙa ɗura wa masu tarin fuka da masu taɓin hankali, har maganin ya ɓata suna. Sai a farkon ƙarni na 20 Likita James Mackenzie ya nuna amfaninsa ga zuciya mai rikitaccen bugu. A 1930 Sydney Smith ya tace sinadarin digoxin daga wani ɗan'uwan tsiron. A 1957 Jens Skou na ƙasar Denmak ya gano wani ɗan famfo a jikin ƙwayoyin halitta mai fitar da gishiri. Shi maganin ke danne wa, sai naman zuciya ya ƙara ƙarfin matsawa. Dafin kwankwani da maharbanmu ke shafa wa kibiya ma ta wannan hanya yake tsai da zuciyar dabba. A 1969 aka sami hanyar auna maganin cikin jini. A 1997 kuma aka fitar da sakamakon gwaji a kan mutum wajen 6,800 a Amurka da Kanada, ya nuna digoxin bai rage mutuwa ba, amma ya rage yawan kwanciya a asibiti.

Saboda haka yanzu akwai magungunan zuciya da aka fi gabatarwa a kansa. Amma hanyar Withering tana nan daram: a auna, a fara da kaɗan, a dubi jikin mara lafiya, a rubuta abin da ya faru ko da bai yi wa mai magani daɗi ba. In na ji ana kirarin wani magani wai bai taɓa cutar da kowa ba, tambayar da nakan yi ita ce, wa ya ƙidaya waɗanda suka sha, kuma ina aka rubuta waɗanda ba su tashi ba?