Al-Jazari: Bakaniken da ya riga mota da shekaru ɗari bakwai

Idan ka taɓa tsayawa a garejin bakanike a Gwarzo ko Kabo ka ga an buɗe kan injin mota, to ka ga wani dogon ƙarfe mai ƙulu-ƙulai a jikinsa. Kamshaf ke nan. Shi ke danna bawul ya buɗe, ya sake shi ya rufe, a daidai lokacin da ya dace. To ka san wanda ya yi bayanin irin wannan dabara a littafi tun 1206?

Sunansa Isma'il ibn ar-Razzaz al-Jazari. An haife shi a 1136 a yankin Jazira, tsakanin kogunan Dijla da Furat. Ya yi shekaru 25 yana hidima a fadar sarakunan Artuƙ a Diyarbakir, garin da yau ke cikin Turkiyya. Mutumin aikin hannu ne: ya zana, ya ƙera, ya gwada.

Sarki Nasiruddin Mahmud ne ya nemi ya rubuta abin da ya sani. Ya kammala littafin a 1206, da na'urori 50 a ciki: agogon ruwa, har da wani mai siffar giwa, na'urar zuba ruwan wanke hannu, makullai, da injinan ɗaga ruwa guda biyar. Ɗaya daga cikinsu famfo ne mai fistan da bawul.

Ga inda kamshaf ya shigo. Ya ƙera wani ɗan jirgin ruwa mai mutum-mutumin makaɗa. A ƙarƙashinsu akwai sanda mai juyawa da aka kakkafa wa turaku. Turke ya zo ya taɓa maɗaga, hannun makaɗi ya faɗa kan ganga. Inda turken yake, nan bugun zai faɗo. Ba shi ne farkon mai amfani da dabarar ba, amma ya bar ta a rubuce dalla-dalla, da zane.

Haka abin yake a motarka. Kirankshaf ya juya sau biyu, kamshaf ya juya sau ɗaya. Shi ya sa duk mai canza kamshaf a gida sai ya haɗa alamomin taimin kafin ya ɗaure bel ko sarƙa, sannan ya juya injin da hannu zagaye biyu ya sake dubawa. Ka kuskure haƙori ɗaya, mota ta fara rawa da shan mai. Ka kuskure da yawa, a wasu injinan fistan ya doki bawul ya lanƙwasa shi, kuɗi ya tashi.

Al-Jazari ya rasu a shekarar da ya gama littafin. Ba na'urarsa ko ɗaya da ta kai zamaninmu, amma littafin ya kai. Akwai tsohon kwafinsa a fadar Topkapi da ke Istanbul, kuma Donald Hill ya fassara shi zuwa Turanci a 1974.

Yanzu ka duba ogan garejin unguwarku, wanda da kunne kawai yake gane taimin ya goce. Wa ke rubuta abin da ya sani? Ga waya a hannunka. Ka je ka gaishe shi, ka nemi izininsa, ka ɗauki bayaninsa da Hausa tun yana raye.