GAWO MAI GANYE DA BAZARA: LABARIN LIKITA STIRRETT

Ya mai karatu, ka san bazara. In kai mutumin Agye ne, ko Gazawa, ko Gidan Rumji, ba sai an gaya maka yadda watan Afrilu yake ba. Tun da hantsi ƙasa takan yi zafi har ba ta takuwa sai da takalmi. Gulbin Kaba da Gulbin Maraɗi sun koma rairayi. Ruwan rijiya ya yi nisa, mata suna ƙara wa guga igiya. Hatsi ya ja baya a rumbu, samarin da suka tafi cin rani kuwa ba su komo ba tukuna. Da dare kowa ya fid da tabarmarsa tsakar gida, yana duban gabas ko ya ga walƙiya.

Allah bai yi wannan lokaci a banza ba. Ubangiji Yesu ya saba koya wa mutane da abin da suke gani kullum, kamar iri da gona da rijiya. Mu ma za mu ba ka labarin wani bawan Allah wanda ya yi kusan shekara 46 yana aiki a Nijeriya ta Arewa saboda ƙaunar Hausawa. Sunansa Andrew Stirrett, amma mutane sun fi saninsa da Bature Mai Magani. Za mu auna zamansa da ayyukan da kai kanka kake yi da bazara.

SASSABE

An haifi Stirrett a shekara ta 1865 a lardin Ontariyo na ƙasar Kanada. Ya koyi aikin haɗa magunguna, ya buɗe kantin magani a birnin Toronto. Ciniki ya karɓe shi, ya sami kuɗi da gidaje. Yana tsoron Allah, yana zuwa sujada, ba wanda yake ganin laifinsa.

Ana nan sai wata 'yar takarda ta shiga hannunsa, ƙarama kamar wadda kake riƙe da ita yanzu. Wani mutum mai suna Rowland Bingham ya rubuta ta a kan ƙasar Sudan. A zamanin nan Sudan ita ce dukan ƙasashen da ke kudu da Hamada, har da ƙasar Hausa. Shi Bingham ya sauka Ikko a watan Disamba na 1893 tare da abokansa biyu, Walter Gowans da Thomas Kent. Shekara ba ta kewayo ba sai da ciwo ya kashe abokan nan nasa, Gowans a Girku, Kent a Bida. Bingham ya koma gida ba lafiya. Ya sāke gwadawa a 1900, zazzaɓi ya sāke mai da shi. Duk da haka bai daina kiran mutane su tafi da bishara ba.

Stirrett ya karanta, maganar ta hana shi sakat. Shekarunsa sun kai 37, shugabannin mishan kuwa suna shakkar aika mutum mai shekaru haka zuwa inda samari suka mutu. Bai zauna jiran su gama shawara ba. Ya danƙa dukiyarsa ga mishan, ya shiga jirgin ruwa mai ɗaukar shanu, yana yi musu hidima a bakin kuɗin jirgi, har Ingila. Can a Libaful ya ƙara karatu a kan cututtukan ƙasashe masu zafi. A ƙarshen 1902 ya iso Fategi, a bakin Kwara, inda ƙungiyar da daga baya aka sani da S.I.M. ta kafa tasharta ta fari.

Ka tuna da sassabe. Kafin ruwa ya sauka kakan shiga gona da gatari, ka sare sabara da ƙaya, ka tara kara. Ba ka jin tausayin abin da ka sare, gama ka san gona ba ta ɗaukar ƙaya da gero tare. Dukiyar Stirrett ba haram ba ce, amma ya ga ta tsare wurin da Allah yake so ya shuka wani abu. Yesu ya yi tambaya cikin Markus sura 8 a kan ribar mutumin da ya mallaki duniya duka ya kuwa rasa ransa. To, kai fa? Mene ne ya cika gonar zuciyarka har Maganar Allah ta rasa wurin tsira? Ko son kuɗi ne, ko laya, ko gaba da ɗan'uwanka, ko tsoron abin da dangi za su ce?

YASAR RIJIYA

Da bazara ne ake sanin rijiyar kirki. Da damina kowane tabki yana fahariya, amma in zafi ya tsananta sai rijiya mai zurfi kaɗai take shayar da gari. Shi ya sa mutane sukan taru su yashe ta, wani ya sauka ciki da igiya, ana jawo laka da yashi har idon ruwa ya buɗe.

Stirrett ya san haka. Kowace rana yakan tashi tun kafin asuba, gari duk yana barci, ya yi addu'a ya karanta Littafi Mai Tsarki. Bai bar wannan al'ada ba har tsufansa. Hausawa sun ce da sanyin safiya akan kama fara. Wanda ya bari sai rana ta take, hayaniyar kasuwa da ta gida za su cinye lokacinsa da Allah.

Ya kuma haƙa wa waɗansu rijiya. Ya dage ya koyi Hausa, ko da yake ya fara da girma. Ya zauna cikin masu aikin juya Littafi Mai Tsarki zuwa Hausa, tare da Likita Walter Miller na Zariya da waɗansu Turawa da Hausawa. Aikin ya ci shekaru masu yawa. A 1932 aka buga dukan Littafin da Hausa, daga Farawa har Ru'ya ta Yohanna. An sāke sabuwar fassara a 1979, amma waɗancan ne suka fara kai ga ruwa. Ya kuma shirya waƙoƙin sujada da Hausa.

Ya ɗan'uwa Kirista, yaya rijiyarka? Watakila kana da Littafin a ɗaka, ƙura ta rufe shi. Ran da ciwo ya shigo gidanka, ko fari ya ƙone gonarka, ko aka tsane ka saboda sunan Yesu, ran nan za ka nemi ruwa. Kada ka bari sai ran nan ka tarar rijiyar ta cike da yashi.

MALFA DA MAGANI MAI ƊACI

Ba mai hankalin da zai tafi kasuwar Gazawa da tsakar rana kai ba malfa. Stirrett ma ya kafa wa abokan aikinsa dokoki. Su rufe kai in za su shiga rana, su huta in ta take, su kuma sha kwinin kowace rana. A lokacin nan ba a daɗe da gane cewa sauro ne yake kawo zazzaɓi ba, gama sai a 1897 wani likita mai suna Ronald Ross ya tabbatar da haka a Indiya. Kwinin yana da ɗaci ƙwarai, waɗansu ba su so shi ba. Amma da suka bi maganar likita, mutuwa ta ragu a cikinsu, aikin da ya gagara sau biyu ya tsaya da ƙafafunsa.

Ga abin lura. Magani a kwalba bai taɓa warkar da kowa ba. Kana iya yabon likita, ka san sunan maganin, ka ajiye shi ƙarƙashin matashinka, zazzaɓi kuwa ya kashe ka. Sai ka haɗiye shi. Cutar da ta fi zazzaɓi ita ce zunubi, ta kuwa kama dukan 'yan Adam, da malami da jahili, da Bature da Bahaushe. Tuba tana da ɗaci, gama ba mai son ya ce shi mai laifi ne. Amma Allah ya tanada magani ɗaya, wato Yesu Almasihu, wanda ya mutu a kan gicciye saboda zunubanmu, ya tashi a rana ta uku. Jin labarinsa kaɗai bai isa ba, sai ka karɓe shi.

BINNE

A 1904 Stirrett ya buɗe aiki a Wushishi. Gari ne a kan hanyar fatake, saboda haka yakan tafi zango inda ayari ya sauka, ya duba marasa lafiya, ya yi musu wa'azi. Gari na wayewa su ɗaura kaya su wuce, yawancinsu bai ƙara ganinsu ba. Zuciyarsa tana kan manyan biranen Hausa, amma gwamnatin Ingila ta hana 'yan mishan zama a ƙasashen sarakunan Musulmi shekara da shekaru. Sai ya yi ta jira, yana yi wa matafiya magana. Daga baya ya zauna a Jos. Can ma kasuwa ce wurin aikinsa. Yakan tsaya da hoto a hannu, ɗan gajeren tsoho, yana ba da labarin Yesu da Hausa ga duk wanda ya tsaya.

Kada mu ɓoye maka gaskiya. Dubban mutane sun ji shi, amma Hausawan da ya gani da idonsa sun tuba ba su da yawa. Waɗansu sun karɓi maganinsa sun ƙi maganarsa. Mutum zai iya cewa ya ɓata ransa a banza.

Amma kai manomi ne, ka san binne. Sama ba gajimare, ƙasa busasshiya, ka ɗebi irin da ya rage a rumbu, wanda 'ya'yanka za su iya ci yau, ka tafi ka binne shi cikin ƙura. Tururuwa za ta kwashi wani, ɓera ya tone wani. In yayyafi kaɗan ya sauka ya ɗauke, wani ya tsiro ya ƙone. Duk da haka kakan binne, gama ka san ruwa yana hannun Allah, naka shi ne shuka. Manzo Bulus ya nuna wa Korantiyawa haka, cewa aikin mai shuka dabam, na mai ban ruwa dabam, girma kuwa daga wurin Allah yake.

Dubi abin da ya tsiro. A 1924 ma'aikatan S.I.M. suka shiga Damagaram. 'Yan shekaru kaɗan bayan haka suka zauna a Tsibiri ta Gobir, nan cikin ƙasar Gidan Rumji. Aka buɗe makarantar Littafi Mai Tsarki a Tsibiri, daga baya kuma a Agye, inda 'ya'yan manoma suka koyi Maganar Allah suka koma ƙauyuka da ita. Aka buɗe asibitin Galmi a 1950, shekara biyu bayan rasuwar Stirrett. Littafin da aka yi ta karantawa a waɗannan wurare shi ne wanda ya sa hannu cikin juyawarsa. In ka daɗe kana yi wa mijinki ko ɗanka ko maƙwabcinka addu'a, ya 'yar'uwa, ya ɗan'uwa, ba ku ga kome ba, kada ku fid da zuciya. Irin yana nan cikin ƙasa.

INUWAR GAWO

Cikin dukan itatuwan gonarka gawo dabam yake. Da damina, sa'ad da kowane itace yake ado, shi sai ya kaɗe ganyensa, ya bar wa gero rana, ganyen kuma ya zama taki. Da rani da bazara kuwa, sa'ad da daji ya bushe, sai ga shi kore shar. Makiyayi ya sami inuwa, awaki su sami 'ya'yansa su ci. Asirinsa yana ƙasa, gama saiwarsa takan nutse har inda ruwa yake.

Haka zaman Stirrett ya kasance. A shekarun da tsaransa suke tara dukiya, shi ya kaɗe tasa. Bai yi aure ba, bai bar gida ko gona ba. A shekarun da tsaransa suka zauna hutawa, shi yana kasuwa yana wa'azi. Mutumin da aka ce ya tsufa da zuwa ya riga ya binne samari da yawa, yana nan yana aiki har ya wuce shekara 80. Zabura ta 92 ta kwatanta adali da itacen da ba ya daina 'ya'ya ko da ya tsufa. Ya rasu a Jos a watan Yuli na 1948, damina ta riga ta sauka.

Kada ka ce shekarunka sun wuce. Kada kuma ka ce kai talaka ne, ba ka da abin bayarwa. Gawo ba ya zuwa ko'ina, yana tsaye inda Allah ya dasa shi, gajiyayyu suna zuwa wurinsa.

ƘISHIRWA

Saura abu ɗaya, shi ne mafi girma. Ka san daɗin ruwan randa sa'ad da ka komo daga gona da azahar. Ka sha ka ƙoshi, amma kafin la'asar ƙishirwa ta komo. Cikin Yohanna sura 4 Yesu ya zauna a bakin rijiya da tsakar rana, a gajiye, ya roƙi wata mace Basamariya ruwa. Ya san dukan abin da ta yi a ɓoye, bai kuwa kore ta ba. Ya yi mata albishir da wani ruwa dabam, wanda yake kashe ƙishirwar zuciya har abada, wato rai madawwami. Wannan ruwa ne ya fid da Stirrett daga kantinsa. Shi kansa mai zunubi ne kamar kowa, ya sha, ya ga ba daidai ba ne ya sha shi kaɗai. Ba Stirrett ne mai ceto ba, shi mai nuna hanyar rijiya ne kurum.

Ya mai karatu, bazara ba ta dawwama. Wata rana hadari zai haɗo daga gabas, wanda ya yi sassabe ya shirya iri zai yi murna, wanda ya yi sakaci kuwa zai yi da na sani. Kwanakinka ma ƙidayayyu ne, ba ka kuwa san ko za ka ga wata bazara ba. Tun yau ka sami wuri kai kaɗai, ko a gindin gawon gonarka ne. Ka faɗa wa Allah zunubanka da bakinka, da harshen da uwarka ta koya maka, gama yana jin Hausa. Ka gaya masa ka ba da gaskiya Yesu ya mutu dominka, ya kuma tashi. Ka roƙe shi gafara da sabuwar zuciya. Ya yi alkawari ba zai kori mai zuwa gare shi ba.

In ka yi haka, ka nemi mai bi ko mai bishara da ke kusa da kai ka gaya masa, ka kuma fara karanta Bishara ta Yohanna. In ka gama da wannan takarda kada ka yar, ka miƙa wa maƙwabcinka.