Malam Jibrilu ɗan Umaru: malamin da takardun almajiransa suka raya sunansa

A ƙasar Adar, duk mai tarihin malanta ya san sunan Malam Jibrilu ɗan Umaru, malamin ƙarni na 18 da ya karantar da Shehu Usmanu ɗan Fodiyo da ƙanensa Abdullahi. A yankin Madawa ya ƙare rayuwarsa, amma yawancin labarinsa a takardun gidan Shehu aka same shi.

Malam Jibrilu ya zauna a Agadas yana karantarwa. Shehu, wanda aka haifa a Maratta a 1754, ya bi shi can yana saurayi, ya yi kamar shekara guda a gabansa. Da malamin ya ɗaura niyyar hajji, Shehu ya so ya raka shi, sai ya ce masa ya koma gida tunda bai nemi izinin mahaifinsa ba.

Sau biyu ya sauke farali. A Alƙahira ya haɗu da Murtala al-Zabidi, mai ƙamus ɗin Tajul Arus, wanda ya rasu a 1791, ya karɓi ijaza daga hannunsa. Ijaza takarda ce da malami ke bai wa almajiri izinin karantarwa, tana jero sunayen malamai daga wannan zuwa wancan, kamar yadda ake jero kakanni. Bayan dawowarsa, wajen 1786, ya miƙa wannan salsala ga Shehu da Abdullahi, ta haka karatun Hadisi na ƙasar Hausa ya haɗu da na Masar.

Mutum ne mai zafi a wa'azi. Ya tafi a kan cewa mai aikata manyan zunubai ya fita daga Musulunci. Shehu bai yarda da wannan ba, ya yi masa raddi cikin ladabi a littafin Shifa'ul Galil, duk da haka bai daina ɗaukarsa a matsayin babban malaminsa ba. Malamin bai ga jihadin 1804 ba.

Abdullahi ya ambace shi a Ida'un Nusukh, littafin da ya jero malamansa a ciki, Muhammadu Bello kuma ya kawo labarinsa a Infaƙul Maisur. Da waɗannan ba su rubuta ba, da abin da ya rage kaɗan ne.

Har yau a gidajen malamai na Madawa, Buza da Keita akwai tsofaffin takardu cikin gafaka da akwati, gara da ɗigar damina na cin su. Cibiyar IRSH ta Jami'ar Abdu Mumuni a Yamai tana adana dubban irinsu. Takardar ijaza ko ta asali ɗaya in ta ruɓe, sunayen da ke cikinta sun tafi ke nan.