Maikel Faraday, Ɗan Maƙerin da Ya Sa Waya Juyi

An haifi Maikel Faraday kusa da Landan cikin 1791. Mahaifinsa maƙeri ne matalauci, saboda haka bai yi nisa a makaranta ba. Yana ɗan shekara 14 aka kai shi koyon ɗinkin littattafai, ya duƙufa karanta abin da yake ɗinkawa, har masani Humphry Davy ya ɗauke shi mataimaki a 1813.

A 1821 ya kafa maganaɗisu cikin zaiba, ya rataya waya ta taɓo zaibar. Da ya sako lantarki, sai wayar ta shiga kewaya maganaɗisun. Nan ne tushen injin lantarki mai juyawa. Ya rasu a 1867, amma fanka mai caji da ake sayarwa a Dutsin-Ma da Kurfi bisa wannan ƙa'ida take juyi.