Shehu Khojali, Malamin Da Garin Bahri Ya Tsiro A Gindinsa

Duk wanda ya tsallaka gadar Shuɗin Nilu daga Khartum ya shiga Bahri, da wuya ya wuce bai ji an ambaci Hillat Khojali ba. Da yawanmu mun tashi muna kiran sunan unguwar, ba mu san mai ita ba.

An haifi Shehu Khojali ɗan Abdurrahman wajen shekara ta 1065 bayan hijira a tsibirin Tuti, inda Farin Nilu da Shuɗi suke haɗuwa. Ɗan ƙabilar Mahas ne, kuma a zamanin sarakunan Funj na Sannar ya rayu. A lokacin babu birnin Khartum, babu Bahri, sai ƙauyuka da gonakin bakin kogi. Hannun wata malama, A'isha 'yar Gaddal, ya fara karatun allo, sannan ya ɗauki tauhidi wajen Shehu Arbab al-Aƙa'id.

Abin da ya fi jan hankalinmu shi ne tafiyarsa aikin Hajji. A Madina ya karɓi ɗarikar Shaziliyya daga Shehu Ahmad al-Tinbuktawi, Bafillatanin Timbuktu. Ashe ke nan shekaru fiye da ɗari kafin kakanninmu su kwararo bayan faɗuwar Burmi a 1903, hannun mutumin Yamma ya riga ya taɓa ƙasar nan. Mu da ake kira Fallata, wani lokaci da raini, ya kamata mu riƙe wannan.

Littafin Tabaƙat na Wad Daifallah, mutumin Halfaya, ya nuna shi a matsayin malami mai sa tufafi masu tsada da turare, irin na 'yan Shaziliyya, amma ba ya miƙe wa mai mulki tsaye. Almajirai suka yi ta sauka kusa da shi a gaɓar arewa har wurin ya zama gari, maƙwabcin Hillat Hamad.

Ya rasu a 1155 bayan hijira, aka gina hubbare a kan kabarinsa. Sai a ƙarshen 1899 jirgin ƙasan Turawan Ingila ya iso, tasha da ma'aikatu suka biyo baya. Yaƙin da ya ɓarke a Afrilun 2023 ya watsa mazauna Tuti da tsofaffin unguwannin Bahri, cikinsu har da dattawan da suka haddace tarihin Shehun.